Bahon wanka na ƙarfe ko na akirilik: abin da za ka duba kafin ka saya

Baho ba kamar kan famfo ba ne da za ka kwance ka sauya da yamma. Da zarar an kafa shi, an manna tayil a kewayensa, an haɗa bututu, cire shi sai an fasa bango. Saboda haka shawarar ta kafin a fara aiki ce. Kuma a ganinmu, kaurin bahon da yadda aka kafa shi sun fi sunan abin da aka yi shi da shi muhimmanci.

Bahon ƙarfe faranti ne na ƙarfe da ake matsawa a inji ya ɗauki siffa, sai a shafa masa garin gilashi a gasa a zafin da ya kai kusan digiri 850, gilashin ya narke ya kama jikinsa. Irin shafin da ke jikin kwanon samira ne, sai dai ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Masu arha kaurinsu bai wuce milimita 2 da ɗoriya ba, masu kyau kuwa, irin na kamfanin Kaldewei na Jamus, suna kaiwa milimita 3.5. Akirilik kuma roba ce mai tauri da ake ɗumamawa a zuƙe ta cikin mazubi, a ƙarfafa bayanta da zaren gilashi da danƙo, a sa allon katako a ƙasanta. Kaurinta yakan kama daga milimita 4 zuwa 8.

Fara da tambayar yadda za a yi amfani da shi. Idan za a ɗora shawa a kansa, ana tsayawa a ciki kullum, ƙarfe mai kauri ya fi. Dalili shi ne akirilik tana lanƙwasa kaɗan duk lokacin da aka taka ta. Ido ba ya gani, amma silikon, wato abin toshe tsagar da ke tsakanin bakin baho da tayil, yana ji. A hankali ya tsage, ruwa ya riƙa silalewa ta bayan baho, allon ƙasa ya jiƙe ya kumbura, kafin ka farga tabon danshi ya fito a silin na ɗakin ƙasa. Yawancin yoyon da ake ɗora wa bahon akirilik daga nan yake, ba daga fashewar bahon ba. Idan kuwa kwanciya a ruwan ɗumi ake so, ko akwai yara da tsofaffi a gida, akirilik ta fi daɗin taɓawa, kuma ba ta kai shafin gilashi santsi ba. Wanda ya zaɓi ƙarfe ga irin wannan gida ya nemi mai ƙasan da aka yi wa kaushi tun daga masana'anta.

Maganar cewa ƙarfe yana sanyaya ruwa tana da tushe, amma ana zuzuta ta. Ƙarfe mai nauyin kilo 40 zai kwashi zafin da bai kai ya rage digiri ɗaya ba daga ruwa lita 150. Abin da mutum ke ji shi ne sanyin bakin bahon a bayansa kafin ƙarfen ya ɗauki ɗumi. Sakin ruwan zafi da farko, da cusa audugar riƙe zafi a ƙarƙashin bahon lokacin kafawa, suna magance wannan, audugar kuma tana rage ƙarar zubar ruwa da bahon ƙarfe marar kauri yake yi.

Nauyi na gaba. Baho mai tsawon santimita 170 da faɗin 70, wanda shi ne aka fi samu, na akirilik yakan kai kilo 20 zuwa 30, na ƙarfe mai kauri kuma kilo 40 zuwa 50. Bambancin bai taka kara ya karya ba in ka tuna lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce: da ruwa da mutum da baho, kusan kilo 280 ne ke zaune a kan ƙafafu huɗu ko biyar. A daɓen siminti babu damuwa. A bene mai daɓen katako, a shimfiɗa allo mai kauri a ƙarƙashin ƙafafun domin nauyin ya rarrabu.

Wajen lalacewa kowanne da tasa cutar. Akirilik tana karcewa da sauƙi: garin goge tukunya ko soson ƙarfe yana dusar da ita, ruwan goge jan farce yana cin ta, rinin gashi yana kama ta. Sai dai tana gyaruwa. A jiƙa samfefa mai laushi, lamba 1200 sannan 2000, a goge karcen a hankali, a bi da man ƙyalli. Shafin gilashi ba ya karcewa haka, ba ya shan launi, shekara da shekaru yana nan da ƙyallinsa. Amma abu mai nauyi ya faɗo masa, kamar kan shawa ko guduma a hannun mai aiki, sai ya ɓantare, ƙarfen ya fito fili, tsatsa ta fara. A toshe wurin da maganin gyara tun da wuri, ko da yake facin ba ya ɓoyuwa gaba ɗaya. Maganin wanki mai ƙarfin asid, in an bar shi ya daɗe a kai, yana kashe ƙyallin har abada.

A wurin saye, kada ka tsaya kallon ciki, leƙa ƙasa. Na akirilik, allon ƙasan ya kasance a lulluɓe cikin danƙo gaba ɗaya, ba manna shi kawai aka yi ba. Danna gefen da tafin hannu. In ya motsa, wuce. Na ƙarfe, ƙwanƙwasa shi: mai kauri amonsa gajere ne, marar kauri yana ƙara kamar gwangwani. Bi bakinsa da kewayen ramin magudana da yatsa ka ji ko akwai ɓantara. Ka yanke shawarar inda kan famfo zai zauna tun yanzu, domin akirilik ana huda ta a wurin aiki da injin huda, ƙarfe kuwa gara ya zo da ramukansa, don huda shi na iya fasa shafin. Mai son baho na kusurwa ko mai fitar da kumfa, a akirilik zai fi samun zaɓi.

Ranar kafawa, ka tsaya a kan waɗannan. A daidaita ƙafafu har bakin bahon ya yi lebur ta tsawo da ta faɗi. Gangaren da ruwa ke bi an riga an yi shi a cikin bahon, ba a karkata shi. Na akirilik, a kafa katako a jikin bango ya tallafi bakinsa duk tsawonsa. Na ƙarfe, mai aikin lantarki ya duba ko ƙa'idar wurinku ta buƙaci a haɗa shi da wayar kariya ta ƙasa. A haɗa magudana, a cika ruwa, a saki, a sa busasshen tsumma a ƙarƙashi a ga ko ya jiƙe. Sannan a sake cika bahon kafin a ja silikon, a bar ruwan a ciki awa 24, domin silikon ya bushe alhali bahon yana zaune da nauyinsa. A kuma bar murfin gefe da za a iya kwancewa daidai wurin magudana, saboda nan ne mai aikin famfo zai buƙaci sa hannu in wani abu ya toshe.