Amurka da Yaƙi Biyu a Lokaci Guda: Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Lissafi

Duk sa'ad da wuta ta tashi a Gabas ta Tsakiya, aka kuma ji jiragen yaƙin China na shawagi kusa da Taiwan, sai gardama ta kaure a teburin mai shayi: shin Amurka za ta iya yaƙi biyu a lokaci guda? Wani ya ce ko goma ne za ta iya, wani ya ce ai ta gama yayi. Batun yana damuna ƙwarai, domin mun ga yadda yaƙin Yukiren kaɗai ya taɓa farashin taki da fulawa har a kasuwanninmu. Abin da zai shafi tukunyar mutum ya cancanci ya fahimce shi daidai.

Kuskuren da na fi ji shi ne auna ƙarfi da kuɗi. Za a ce kasafin tsaron Amurka ya haura dala biliyan 800 a shekara, sai a rufe magana. Gaskiya ne ya haura. Amma kaso mai tsoka na tafiya ne a albashi, kiwon lafiyar sojoji da iyalansu, da gyaran kayan da ake da su. Kuma kuɗi ba ya rikiɗa ya zama harsashi cikin dare ɗaya. Kafin Rasha ta shiga Yukiren a Fabrairun 2022, Amurka na ƙera harsashin atilari mai milimita 155 kimanin 14,000 a wata. Sojojin Yukiren kan harba dubbai a yini guda, wato abin da masana'anta ta yi wata tana ƙerawa yana iya ƙarewa kafin mako ya zagayo. Aka sa burin kaiwa 100,000 a wata, sai ga shi aikin na shekaru ne, saboda sai an gina sabon wuri, an samo albarushi, an horar da ma'aikata. Makamin kakkaɓo jirgi na Stinger ma haka: da aka so ƙara ƙera shi, aka tarar wasu sassansa sun ɓace daga kasuwa, har kamfanin Raytheon ya kira tsofaffin ma'aikatan da suka yi ritaya su dawo su koya wa matasa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Don haka in ka ji adadin kuɗi, ka tambayi nawa ake ƙerawa a wata, nawa kuma yaƙi ke lashewa a rana.

Sai masu ƙirga jirage. Amurka na da manyan jiragen ruwa masu ɗaukar jiragen yaƙi guda 11, sai a raba: shida gabas, biyar yamma. Wannan rabon a takarda kawai yake. A ƙa'idar da aka saba, kusan kashi ɗaya cikin uku ne ke bakin aiki a teku, wasu na atisaye, wasu na tashar gyara. Babban gyaran da ake yi wa kowane jirgi a tsakiyar rayuwarsa, inda ake sauya makamashin nukiliyarsa a Newport News ta jihar Bajiniya, yakan ci shekara huɗu ko fiye. A 2024, da al'amura suka yi zafi tsakanin Isra'ila da Iran, sai da aka janye jirgin Theodore Roosevelt daga yankin Fasifik zuwa Gabas ta Tsakiya, jirgin Abraham Lincoln ya bi bayansa. Abin da aka ƙara a nan, can aka rage shi. Gyaran lissafin mai sauƙi ne: ka raba adadin uku kafin ka fara rabon fagen daga.

Akwai kuma zaton cewa "yaƙi biyu" alkawari ne da Amurka ke riƙe da shi tun fil azal. Ma'auni ne na tsara yawan soja, kuma ya sha sauyawa. Zamanin Shugaba Kennedy ana maganar yaƙi biyu da rabi: Tarayyar Sobiyet, China, da wani ƙaramin rikici. Shugaba Nixon ya mai da shi ɗaya da rabi a 1969. A 1993 sakataren tsaro Les Aspin ya kawo tsarin yaƙin yanki biyu kusan a tare, kuma Iraƙi da Koriya ta Arewa ake nufi, ƙasashen da ba sa'o'in Amurka ba ne. Gwamnatin Obama ta sassauta shi a 2012: a murƙushe abokin gaba ɗaya, a hana na biyu cin ma burinsa. A 2018, ƙarƙashin sakataren tsaro Jim Mattis, aka koma shirin cin babbar ƙasa guda, China ko Rasha, tare da tsoratar da saura. Shi ya sa a Yulin 2024 kwamitin da majalisar dokokin ƙasar ta kafa, wanda Jane Harman ta shugabanta, ya ce wannan ma'aunin ya yi kaɗan, a koma shirin fagage da yawa. Wanda ya ce maka Amurka ta shirya wa yaƙi biyu, ka tambaye shi: a tsarin wace shekara, kuma da wa?

Tarihi ma ana karanta shi a karkace. Ana cewa ai Amurka ta yaƙi Jamus da Japan a tare a Yaƙin Duniya na Biyu ta ci nasara. Ta yi, amma a taron da shugaban Amurka Roosevelt da firaministan Birtaniya Churchill suka yi a Washintin daga Disamban 1941 sun jaddada cewa Jamus ce farko. Kuma mafi yawan sojojin ƙasa na Hitila a hannun Sobiyet suka hallaka. Misali na kusa ya fi ban tausayi. A 2007, da aka ƙara dakaru a Iraƙi, an tsawaita zaman sojan ƙasa a fagen daga zuwa wata 15 a jere, yaro ya fara tafiya mahaifinsa bai gani ba. A ƙarshen shekarar Admiral Mike Mullen, babban hafsan hafsoshi, ya faɗa wa majalisa cewa a Afghanistan suna yin abin da za su iya, a Iraƙi kuwa abin da ya zama dole. A daidai waɗannan shekarun Taliban ta sake miƙewa. Taura biyu ba ta taunuwa, ko da abokan gabar ba su da jirgin sama ko ɗaya.

Inda nake ganin ya kamata a fi zuba ido shi ne kayan da fagagen biyu ke buƙata a tare. Yaƙi da Rasha a Turai na tankoki da sojan ƙasa ne, na Taiwan kuwa na ruwa da sama, shi ya sa wasu ke cewa ba za su yi karo ba. Suna karo a kan abubuwa ƙalilan masu wuyar samu: makaman kare sararin sama irin su Patriot, jiragen da ke shayar da mai a sama, jiragen dakon kaya, makamai masu linzami masu cin dogon zango. A Janairun 2023 cibiyar bincike ta CSIS da ke Washintin ta bayyana cewa a gwaje-gwajen yaƙin Taiwan da ta yi, makaman kakkarya jiragen ruwa masu dogon zango na ƙarewa cikin kusan mako guda. A Bahar Maliya, daga ƙarshen 2023, sojan ruwa sun riƙa harba makami mai linzami na kusan dala miliyan 2 don kakkaɓo jirgi maras matuƙi na 'yan Huthi na Yaman wanda kuɗinsa bai kai kusa da haka ba. Kowane ɗaya da aka harba, an cire shi ne daga rumbun da Fasifik ke dogaro da shi.

Nisa da izinin masu masauki ma ana mantawa da su. Tara sojoji fiye da 500,000 don yaƙin Kuwaiti ya ɗauki daga Agustan 1990 zuwa Janairun 1991, kuma babu mai nutsar da jiragen dakon a hanya. A ranar 1 ga Maris 2003 majalisar Turkiyya ta ƙi amincewa sojan Amurka su bi ta ƙasarta zuwa arewacin Iraƙi, jiragen da ke ɗauke da kayan runduna guda suka juya ta mashigin Suwez zuwa Kuwaiti. Mu ma mun gani da idonmu: sansanin jirage marasa matuƙa na Agadas, wanda aka kashe sama da dala miliyan 100 wajen gina shi, an bar shi a 2024 bayan hukumomin Yamai sun ce a tashi. Sansanin da ka gani a taswira yana aiki ne muddin mai gida ya yarda.

Masu cewa Amurka ta gama yayi su ma sun zarce gona da iri. Jiragen ruwan yaƙin China sun fi yawa a ƙirga, amma Amurka na da ƙawayen da ke ɗaukar kaso na nauyin: sauran ƙasashen NATO 31 a Turai da Arewacin Amurka, ga Japan, Koriya ta Kudu da Ostireliya a ɗaya ɓangaren. Tana iya riƙe fage ɗaya ta hanyar ƙawaye yayin da take zuba ƙarfinta a ɗayan. Abin da hakan ke buƙata shi ne ƙawayen su iya tsayawa watanni da nasu harsashin, kuma ƙasashen Turai sun gano a 2023 cewa nasu rumbunan ma ba su cika ba, lokacin da alkawarin harsashi miliyan ɗaya da suka yi wa Yukiren cikin shekara guda ya gaza cika a kan lokaci.