Kurakuran sababbin maharba a tafkin Madarunfa

Duk shekara da sanyi ya shigo, kirinjijiya da dinya suka cika tafkin Madarunfa, sai ka ga samari daga Maradi sun ɗauro bindiga a babur. Kuskuren bara shi suke maimaitawa bana, ni kuwa na gaji da faɗa wa mutum ɗai-ɗai.

Babba cikinsu shi ne ɗaukar takardar riƙe bindiga a matsayin izinin farauta. Takardu biyu ne, kowace da ofishinta. Dokar farauta da kare namun daji ta Nijar, mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998, ta wajabta permin farauta, kuma minista ne ke buɗe lokacin harbi ya rufe. Ni wannan darasi da rago na biya shi. Wata asuba ina fitowa daga ruwa, wando jiƙe har gwiwa, kirinjijiya uku a hannu, ma'aikacin gandun daji ya tare ni. Na zaro takardar bindiga daga leda ina murmushi. Ya duba gaba da baya, ya ce, "Malam, wannan ta bindiga ce. Ina ta tsuntsayen?" Bindigar da na gada wurin kawuna ta yi makonni a hannunsu, kuma sai da na sayar da ragon da nake kiwo domin layya kafin na biya tara. Tun daga nan, kafin in taɓa harsashi sai na je ofishinsu da ƙafata na tambayi ranar buɗewa da irin tsuntsun da aka yarda a harba. Maganar majalisar shayi ba ta fid da kowa. Ga kuma halin tsaro a wajen iyaka: mai bindiga babu cikakkun takardu, ba maharbi za a fara kiransa ba.

Kuskure na biyu ya fi ba ni haushi. Wai mutum ya jiƙa dawa da maganin ƙwarin gona ya watsa a bakin ruwa, da safe ya zo tsinta. Kai, wannan ba farauta ba ce! Doka ta hana, kuma wa zai ci naman? Ƴaƴanka. A ruwan nan masunta ke jefa koma, a nan shanu ke sha. Wanda na gani yana haka ba na rufa masa asiri, ko ɗan unguwarmu ne.

Akwai wata guba da ba a gani: ƙwayoyin darma na harsashi. Suna nutsewa cikin laka, agwagwa ta haɗiye su tana zaton tsakuwa ce, ƙundu ya niƙa, ta rame ta mutu. Amurka ta hana harbin tsuntsun ruwa da darma tun 1991. Mu nan ita ke kasuwa, don haka ba na harbi daga nesa ina ɓarin harsashi, kuma naman da ƙwaya ta ratsa nakan yanke in zubar. Abokaina na ce mini almubazzari.

Haska fitila da dare haramun ne a doka. Gauraka da shamuwa, sauke bindigarka. Da damina tsuntsu na kan ƙwai, ka zauna gona. Tsuntsun da ka tarar matacce kada ka sa masa hannu. Murar tsuntsaye ta shigo Nijar tun 2006 ta Magariya, sai ka gaya wa likitan dabbobi.