Ku tsaga naman kazan nan kafin ya shiga tukunya

'Yan uwa na Aboabo da Asawase, damina ta kama. In yara sun tsinto naman kaza, wanda ke tsirowa a ƙasa, mai kama da ƙwallo, ku tsaga shi daga sama zuwa ƙasa tukuna.

Cikinsa ya zama fari fat, kamar wagashi. In ya fara rawaya ko ƙasa-ƙasa, ya tsufa, a zubar, kar ku ɓata manja a banza.

Ɓawonsa biyu ne. Na cikin, masana na ce masa endoferidiyum, shi ke riƙe ƙwayoyin iri. Ya bushe, sai ya huda sama, gari ya fito kamar hayaƙi. Kar yara su shaƙa.

Amma in kun ga siffar ƙaramar lema a ciki, ko ɓawo mai tauri, wani iri ne daban, yana iya zama guba.