Yadda na gyara matsalar kuɗin aikina da suka maƙale

Wata uku ina yi wa wani kwastoma a Ingila fassara daga Turanci zuwa Hausa, a ɗakina nan Agege nake aikin, ya biya ta dandalin intanet da muke aikin ta cikinsa amma kuɗin suka ƙi sauka akawun ɗina, sati biyu ina zaman jira ga kuɗin haya ya matso.

Ashe suna ne. A dandalin na rubuta Muhammad, a banki kuma Mohammed ne, sannan sunan mahaifina ne a gaba. Mu a wajenmu duk ɗaya ne amma na'ura ba ta san wannan ba, harafi ɗaya ya bambanta sai ta riƙe kuɗin.

Wani ɗan'uwa a Idi-Araba ya ce, "Malam duba takardar NIN ɗinka." Na duba takardar, wato ta lambar shaidar ɗan ƙasa, sunan ciki daidai yake da na BVN, lambar tantancewa ta banki, to sai na bar banki, na tura wa masu dandalin hoton takardar na roƙi su mayar da sunana haka harafi da harafi. Ku ɗauki hoton da rana don Allah, nawa na farko duhu ya sa aka dawo da shi. Kwana huɗu alat ya shigo, Alhamdulillah.