Yadda Ake Shirya Bayar da Ƙoda Ba Tare da An Zalunci Mai Bayarwa Ba

Idan ƙodar mutum ta gaza har ya koma dogaro da wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako, hankalin dangi gaba ɗaya kan majinyaci yake komawa. Wanda ake mantawa da shi shi ne mai lafiyar da za a kwantar a yanka, alhali ba shi da ciwon komai. A ƙasashen Musulmi masu tasowa yawancin ƙodar da ake dasawa daga rayayyu ake samunta, saboda haka kare wannan mutum shi ne rabin aikin.

A fara da hukunci, domin nan ne iyali suka fi tsayawa. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, wato ƙungiyar Musulmin duniya, da ta zauna a Makka a 1985 ta halatta ɗaukar gaɓa daga rayayye bisa sharuɗɗa huɗu: kada cirewar ta ɓata wa mai bayarwa rayuwarsa ta yau da kullum, ya bayar da yardarsa ba tilas, ya zama babu wata hanyar magani sai dashen, kuma galibin zato ya kasance aikin zai yi nasara. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta ɗauka daga mamaci da izininsa ko na magadansa, ta hana cire abin da rai ya rataya a kansa kamar zuciya daga mai rai, ta kuma haramta cinikin gaɓa. Akwai malaman da ba su yarda ba, irin su Shaihu Sha'arawi na Masar, bisa hujjar cewa jiki amana ne, ba mallakar mutum ba ne balle ya kyautar. Wanda ya riƙi wannan ra'ayi a ƙyale shi, kada likita ya mai da ɗakin duba marasa lafiya zauren muƙabala.

Sai gwaje-gwaje, kuma a bi su daga mai araha zuwa mai tsada. Mai bayarwa ya kai shekara 18 da cikakken hankali. A duba rukunin jini: mai O yana ba kowa, mai AB yana karɓa daga kowa, mai A ko B yana ba irinsa da mai AB. A auna hawan jini a ranaku daban-daban, a gwada siga, a nemi furotin ko jini a fitsari. Ma'aunin tacewar ƙoda idan ya kai mililita 90 a minti ɗaya an wuce lafiya, ƙasa da 60 an rufe magana, abin da ke tsakani kuwa sai a duba shekarun mutum da tarihin gidansu. A gwada ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B da C, da tarin fuka inda ya yi yawa. Bayan haka a haɗa jinin majinyaci da ƙwayoyin jinin mai bayarwa a ga ko garkuwar jiki za ta kai farmaki. Hoton siti-sikan na jijiyoyin ƙoda shi ne na ƙarshe. Yawanci ta hagu ake cirewa domin jijiyarta ta fi tsawo, amma idan ɗaya ta fi ɗaya lafiya, mai kyan ake bar wa mai ita.

Matakin da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi shi ne tantance yarda. Sa hannu a takarda ba yarda ba ce. A gidan da maganar uba ko miji ko babban wa ba ta faɗuwa ƙasa, matar da aka kawo ta ce "na amince" a gaban surukai ba ta faɗi komai ba tukuna. A ƙasashe da yawa mata ne suka fi bayarwa, maza suka fi karɓa, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa a bincika. Dole a gana da mai bayarwa shi kaɗai, ƙofa a rufe, kuma wanda zai gana da shi ya kasance ba ya cikin likitocin majinyacin. In ana buƙatar tafinta, kada ya zama ɗan gida. A tambaye shi kai tsaye: wa ya fara kawo maganar? Me zai faru a gida in ka ce a'a? Ana binka bashi? An yi maka alkawarin wani abu? A ba shi makonni ya yi tunani, a kuma shaida masa yana da ikon fasawa har zuwa lokacin da za a sa masa maganin barci. Idan ya fasa, asibiti ya ce wa dangi kawai "bai dace da bayarwa ba", ba tare da ƙarin bayani ba. Wannan gajeriyar jimla ta tsare zumunci da aure da yawa.

A faɗa masa haɗarin da alƙaluma, ba da "in Allah ya yarda ba komai" kaɗai ba. Kusan mutum 3 cikin 10,000 ke rasuwa sanadin tiyatar. Kwanciyar asibiti 'yan kwanaki ce, komawa aikin ƙarfi kuwa sai bayan mako 4 zuwa 6, abin da ke da nauyi ga mai cin abinci da guminsa. Ƙodar da ta rage tana ƙara himma har ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na aikin biyun. Mace mai niyyar haihuwa ta san cewa haɗarin hawan jinin masu ciki yana ƙaruwa bayan bayarwa.

Maganar kuɗi tana da iyaka bayyananna. Biyan kuɗin mota, gwaje-gwaje da ladan aikin da ya rasa yana jinya halal ne, kuma adalci ne. Biyan farashin ƙodar kuwa shi ne abin da Sanarwar Istanbul ta 2008, wato matsayar ƙwararrun dashe na duniya kan cinikin gaɓoɓi, da ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya suka hana. Wani bincike da aka buga a 2007 kan mutum 239 da suka sayar da ƙodarsu a Pakistan ya nuna kashi 93 cikin 100 don biyan bashi suka sayar, kashi 88 kuma ba su ga wani canji a talaucinsu ba. Pakistan da Masar duk sun kafa dokar hana cinikin a 2010. Iran ce ta bi wata hanya tun 1988, inda ake biyan mai bayarwa a ƙarƙashin kulawar hukuma, sai dai can ma talakawa ne ke cika layin. Alamar dillali ba ta ɓuya: "ɗan'uwa" da bai san sunan mahaifiyar majinyaci ba, ko rakiyar mutumin da ke amsa kowace tambaya a madadinsa.

Kada a shiga tiyata sai an lissafa kuɗin maganin bayanta. Wanda aka yi wa dashe zai sha magungunan danne garkuwar jiki muddin ƙodar na jikinsa, irin su takrolimus da ake sha duk bayan awa 12, tare da gwajin jini a kai a kai. In kuɗi ya yanke aka daina sha, jiki zai ƙi ƙodar, sadaukarwar wani ta tafi a banza. Azumi ma a jinkirta shi a shekarar farko, daga baya a bi shawarar likita. Shi kuma mai bayarwa a duba hawan jininsa da fitsarinsa da aikin ƙodarsa kowace shekara, ya nisanci yawan shan magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da dikulofenak.

Ɗauka daga mamaci galibi ya rataya ne kan mutuwar ƙwaƙwalwa, wato ƙwaƙwalwa ta daina aiki gaba ɗaya ba dawowa, alhali inji ne ke riƙe da numfashi. Zaman majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi a Amman a 1986 ya ɗauke ta a matsayin mutuwa ta shari'a, na majalisar Rabiɗa a Makka a 1987 kuwa ya yarda a cire injin numfashi amma bai zartar da hukuncin mutuwa ba sai zuciya da numfashi sun tsaya. Inda doka ta amince, likitoci biyu aƙalla waɗanda ba ruwansu da dashen su ne za su tabbatar, bayan sun kore tasirin maganin barci da sanyin jiki. A sanar da iyali rasuwar tukuna, a bar su su nutsu, sannan wani ma'aikaci daban ya kawo maganar bayarwa. A gaya musu sa'o'in da aikin zai ɗauka kafin a ba su gawa, kuma a ɗinke ta da kyau yadda za a yi wanka da sutura ba tare da cikas ba.