Yadda Ake Karanta Alamomin Lissafi Ba Tare da Ruɗewa Ba

Da yawa daga masu cewa lissafi ya gagare su, tun a wajen karanta rubutunsa suka tsaya. Kowace alama magana ce da aka dunƙule. Al-Khawarizmi, masanin Bagadaza na ƙarni na 9, da kalmomi zalla ya rubuta littafinsa na aljabara. Alamomin daga baya suka zo, don a rage tsawon rubutu. Aikin mai koyo shi ne ya warware dunƙulen.

Da farko, karanta layin da baki kafin ka taɓa biro. Idan ka ga 2x + 3 = 11, ka ce: wata lamba ce, in an ninka ta sau biyu aka ƙara uku, sai ta zama goma sha ɗaya. Sau da yawa kafin ka rufe baki ka gano huɗu ce.

Na biyu, lura da abin da ba a rubuta ba. Nan ne na fi ganin ɗalibai suna tuntuɓe, kuma ban ga laifinsu ba. A 23, ashirin ne da uku. A 2½, biyu ne da rabi. Amma a 2x, biyu ne sau x. Jeri iri ɗaya, ma'ana daban, kuma babu alamar da ta faɗa maka. Haka 3² yake nufin uku sau uku, wato 9, ba 6 ba.

Na uku, gyara fahimtarka game da alamar =. Yara kan ɗauka tana nufin "ga amsa nan tafe". Ma'auni ce: abin da ke hagu daidai yake da na dama. Robert Recorde, wanda ya fito da ita a 1557, ya zaɓi layuka biyu a jere ne saboda a ganinsa babu abubuwa biyu da suka kai su daidaito. Duk abin da ka yi wa gefe ɗaya, yi wa ɗayan.

Sai tsari: ninkawa da rabawa kafin tarawa da ɗebewa, sai fa in an sa baka, wato alamar ( ). 2 + 3 × 4 ya zama 14, ba 20 ba.

In kuma ka yi shakkar wata ƙa'ida, cire haruffan ka sa ƙananan lambobi. Kana zaton (a + b)² daidai yake da a² + b²? Sa 1 da 2. Hagu zai ba ka 9, dama kuma 5.