Yadda za ka nuna wa yaran gida fim ɗin Sarauniya Mangu

Ka fara kallonsa kai kaɗai tukuna. Ni ban yi haka ba karon farko. Na shimfiɗa tabarmi, na rataya farin zanen gado a bangon tsakar gida, na kunna majigi, can sai ga sojoji suna cinna wa gari wuta a gaban autata mai shekara shida. Ba shiri na kashe. Med Hondo, ɗan Muritaniya, da ya fitar da fim ɗin a 1986, bai rufa wa rundunar hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine asiri ba ko kaɗan. Saboda haka ka san wuraren da za ka tsallake, ko ka bari ƙananan su yi barci.

Kafin a kashe fitila, ka ba su labarin da bakinka, a taƙaice. A 1899 ne rundunar Faransa ta keto ƙasar Nijar ta nufi Tafkin Chadi, tana kashe-kashe, har Birnin Konni ta ɗanɗana. A Lugu, ta wajen Dogon Dutsi, Sarauniyar Azna ta ƙi miƙa wuya. Iya wannan ya isa. In ka zarce, za su fara hamma.

Sannan ka shirya zama tafinta. A Burkina Faso aka ɗauki fim ɗin, kuma ba da Hausa 'yan wasan suke magana ba. Babban ɗana har ya tambaye ni, "Baba, ka ce tamu ce, to me ya sa ba ma jin abin da take faɗa?" Na ɗan ji nauyin tambayar, gaskiya. Kada ka fassara kowace jimla, ka riƙa tsayar da fim ɗin jefi-jefi ka faɗi inda aka kwana. In kiɗa ya taso kuwa, ka yi shiru, su saurara.

Fim ne mai tsawo, ni raba shi nake yi dare biyu. In da tsohuwa a gidan, a ajiye mata kujera a gaba. Tamu ba ta damu da sojojin ba, kitso da layu take bi da ido, tana gaya wa jikoki wanda ta taɓa gani a kan kakarta.